Yadda Haruffa Marasa Ƙafa Suka Koyi Karkata

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu yana jiran a gama masa aikin makaranta ko katin gayyata ya ga yadda mai aikin yake yi: ya shafa kalma, ya danna ɗan maɓallin nan mai harafin I a karkace, nan take kalmar ta sunkuya dama. Ɗaliban jami'a suna kiran wannan rubutun tsutsa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, sunkuyawar iri biyu ce. A rubuta kalmar albasa da zubin Arial, a danna maɓallin. Kowane a yana nan da rufinsa na sama da tumbinsa na ƙasa, ya dai jingina ne kawai, kamar dangar kara bayan iskar farkon damina. A sake rubuta ta da Calibri. Sai a ga a ɗin ya tuɓe rufin, ya koma ƙwallo ɗaya da sanda a gefensa, irin wanda ɗan firamare yake yi da fensir. Na farkon tura shi aka yi. Na biyun kuwa sake zana shi aka yi tun daga tushe.

Masu sana'ar zana haruffa sun kusa ƙarni guda suna musu a kan wanne ne daidai cikin biyun nan. Wanda aka tura suna ce masa oblik, wanda aka sake zanawa italik. Musun kuma ya fi zafi a kan haruffa marasa ƙafa, waɗanda ake kira sansarif, wato waɗanda ba su da 'yan ƙafafu da ƙahonin da ake gani a ƙarshen kowace sanda a zubi irin Times New Roman. Dalilin zafin a tarihi yake. Italik da sansarif ba gida ɗaya suka fito ba, akwai ma ratar shekaru fiye da ɗari uku tsakanin haihuwarsu. Ɗaya ɗan alƙalami ne, ɗaya ɗan allon talla.

Italik a birnin Venis na Italiya aka haife shi, sunansa ma daga sunan ƙasar aka samo. A 1501 wani mai maɗaba'a, Aldus Manutius, ya fitar da waƙoƙin Virgil a ɗan ƙaramin littafi wanda mutum zai sa a aljihun riga ya hau doki da shi, a zamanin da yawancin littattafan ilimi sai an ɗora su a kan teburi. Ya so shafin ya yi kama da rubutun hannun malaman Italiya da magatakardan fada, mai gudu, mai ɗan karkata. Wanda ya yi masa aikin wani gwanin sassaƙar ƙarfe ne daga Bologna, Francesco Griffo. Aikin kuwa na maƙeri ne tsantsa: a sassaƙa harafi a bakin 'yar sandar ƙarfe, a buga ta cikin tagulla ta bar gurbi, a riƙa zuba narkakkiyar dalma a gurbin ana fitar da harafi ɗai-ɗai. Don ya kwaikwayi yadda alƙalami yake haɗe baƙaƙe, Griffo ya sassaƙa haɗaɗɗun haruffa fiye da sittin. Manyan baƙaƙe dai a tsaye ya bar su, ƙanana kaɗai suka sunkuya.

Littafin ya samu kasuwa, kasuwa kuma ta jawo 'yan jabu. Aldus yana da takardar mahukuntan Venis da ta hana kowa kwaikwayonsa, amma ikon takardar bai kai birnin Lyon na Faransa ba. A 1503 ya buga gargaɗi ga masu saye, ya ce takardar 'yan jabun mai wari ce, ya kuma jera kurakuran da za a gane bugunsu da su. Mutanen Lyon suka karanta gargaɗin, suka gyara kurakuran, suka ci gaba da harkarsu. Shi ma Griffo ba su wanye lafiya da Aldus ba. Ya koma yi wa wasu aiki, labarinsa na ƙarshe da ke rubuce kuma shi ne tuhumar da aka yi masa a 1518 ta kashe mijin 'yarsa da sandar ƙarfe.

A wancan zamani italik ba ɗan rakiya ba ne. Ana buga littafi da shi tun daga bango har bango. Sannu a hankali, musamman a hannun Faransawa irin su Robert Granjon a tsakiyar ƙarni na 16, manyan baƙaƙen ma suka karkata, masu maɗaba'a kuma suka gano cewa idan aka jefa kalma ɗaya mai karkata cikin layin tsayayyun haruffa, ido yana tsinto ta ba tare da an yi ihu ba. Daga nan italik ya zama na nuna sunan littafi, da baƙuwar kalma, da inda marubuci yake son a danna murya. Ba kowace al'umma ta bi wannan hanya ba. Jamusawa masu bugu da baƙin rubutunsu na gargajiya tazara suke buɗewa tsakanin haruffan kalmar da suke son a lura da ita. Malaman ƙasar Hausa kuwa, da sauran masu rubutun Larabci da ajami, jan tawada ne abin aikinsu.

Shi sansarif a 1816 ya fara bayyana a dalma, a kundin samfurin William Caslon na huɗu a Landan: layi guda na manyan baƙaƙe, babu ƙanana. Ba a yi shi don karatu ba. Zamanin masana'antu ne, bangayen Landan sun cika da tallar magani da gwanjo da wasan dandali, kowa yana neman harafin da za a hango daga tsallaken titi. A cikin shekarun 1830 wani mai zubin haruffa, William Thorowgood, ya fitar da nasa har da ƙananan baƙaƙe, ya sa masa sunan da ke nufin abu mai ban mamakin muni, kuma sunan ya bi wannan jinsi har yau, a Jamus musamman. Akzidenz-Grotesk, wanda kamfanin Berthold ya fitar a Berlin a 1898, ma'anar sunansa ke nan: mummunan nan na ƙananan ayyuka, irin rasit da tikiti da takardar farashi.

Harafin da aikinsa tikiti ne ba shi da wata buƙatar kwaikwayon hannun magatakarda. In an so a karkata shi, sai a jingina shi kawai. Masu zanen taswira na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan. Zubin Venus na kamfanin Bauer, wanda ya fito a 1907, yana da mai karkata dama, yana kuma da mai karkata hagu, kuma a taswirorin Jamus da mai hagun nan ake rubuta sunayen koguna da tafkuna. Mai karatu yana ganin harafi ya kwanta baya ya san ruwa ne, ko da bai iya furta sunan ba.

A shekarun 1920 ne jinginawar ta tashi daga sauƙin aiki ta zama aƙida. Matasan masu zane a Jamus sun fito daga yaƙin duniya na farko suna ƙyamar duk wani ado na da. Jan Tschichold, a littafinsa na 1928 kan sabon tsarin ɗab'i, ya ɗauki sansarif a matsayin harafin zamanin inji. Shekara guda kafin nan Paul Renner ya fitar da Futura a Frankfurt, zubin da aka gina a kan da'ira da miƙaƙƙen layi da kusurwa uku. O ɗinsa kamar an kifa kofi an zagaye. Harafi irin wannan, wanda aka kankare masa duk wata alamar hannu, ta ina za a kawo masa lanƙwasar alƙalami? Da aka tashi yi masa mai karkata bayan 'yan shekaru, jingina shi aka yi, aka gyara masa kauri, shi ke nan.

Ingila ta bi ta wata hanyar. Edward Johnston, wanda ya zana haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1916, malamin rubutun hannu ne, ɗalibinsa Eric Gill kuma masassaƙin dutse. Da kamfanin Monotype ya fitar da Gill Sans a 1928, mai karkatarsa ya zo da a mai ƙwallo ɗaya da p mai 'yar wutsiyar alƙalami a kafaɗa. Ƙafafun ne kawai babu, amma hannu yana ciki. Kamfanin jirgin ƙasa na LNER ya ɗauki zubin a 1929 ya sa shi tun daga allon tasha har takardar abinci, littattafan Penguin suka sa shi a bangonsu a 1935. Abin dariyar shi ne, mai ba Monotype shawara a lokacin, Stanley Morison, ya riga ya rubuta maƙala a 1926 yana cewa abokin tafiyar tsayayyen harafi ya kamata ya zama shi kansa ne a jingine, italik na hannu ya cika rawar kai. Wasu suka saurare shi. W. A. Dwiggins a Amurka ya yi wa zubinsa Electra na 1935 jinginanne, masu buga littattafai suka yi ƙorafin ba ya bambanta sosai a cikin shafi, dole ya koma ya zana na hannu. Shi kuwa Morison, da ya jagoranci aikin Times New Roman a 1932, italik na gargajiya ya sa masa.

Shekarar 1957 ta raba gardamar na wani dogon lokaci, ta ba oblik gaskiya. A wani ƙaramin gari kusa da Basel a Suwizalan, Max Miedinger da Eduard Hoffmann na kamfanin Haas suka fitar da Neue Haas Grotesk, wanda aka sake wa suna Helvetica a 1960 don ya shiga kasuwar duniya. A Paris kuma wani matashi ɗan Suwizalan, Adrian Frutiger, ya gama Univers a kamfanin Deberny et Peignot. Dukansu biyu jinginannu suka zo da su.

Univers ya fi nuna tunanin da ke ƙarƙashin abin. Frutiger ya tsara gidan haruffan gaba ɗaya tun kafin a zuba ko ɗaya, tun ran gini tun ran zane: iri 21, kowanne da lamba biyu maimakon suna. Lambar farko kauri take nunawa, ta biyu faɗi da tsayuwa. 55 shi ne na yau da kullum, 56 shi ne ɗin dai a karkace. 65 mai gwaɓi, 66 mai gwaɓi a karkace. 57 matsattse, 58 matsattse a karkace. Mara a tsaye, cika a jingine. A cikin jadawali irin wannan karkata ba wani hali ba ne na daban, gurbi ne kawai a cikin layi, kamar yadda kauri da faɗi suke. Frutiger ya ba shi karkata mai yawa, digiri 16, inda Helvetica yake wajen 12, don bambancin ya fito tunda siffar ba ta sauya ba. Da Univers aka yi allunan wasannin Olamfik na Munich a 1972, kuma shekaru da dama matsattsen Univers mai karkata ne a kan maɓallan kwamfutocin Apple.

Inji ma ya goyi bayan oblik. Da aka bar dalma aka koma shirya rubutu da haske da fim, sai ya zama ana iya karkata harafi da gilashi, ba sai an biya mai zane ba. Da kwamfuta ta zo abin ya ƙara sauƙi, lissafi ne ɗan kaɗan: kowane ɗigo a matsar da shi dama gwargwadon tsawonsa daga layi. Macintosh na 1984 haka yake karkata duk zubin da aka ba shi, Helvetica mai karkata da ya zo cikin na'urar bugu ta LaserWriter a 1985 ma turin lissafi ne. Sai dai lissafin yana barin tabo. A ƙara girman o da aka tura ta wannan hanya a duba: kafaɗarsa ta dama da gindinsa na hagu sun kumbura, sauran ɓangarorin biyu sun rame, ya koma kamar ƙwai da aka matse. A x da v da w, hannu ɗaya ya yi ƙiba, ɗaya ya tsotse. Oblik na kirki, irin wanda Frutiger yake yi, sai an bi kowane harafi an rage nan an ƙara can. Shi ya sa masu sana'ar ba sa haɗa shi da na turin inji, wanda suke kira na jabu.

Inda jinginannen harafi ya fi cin kasuwa ba a cikin littafi ba ne. Mutum in zai ruga gaba yake sunkuyawa, ido kuma ya saba karanta sunkuyawa a matsayin gudu. Shi ya sa kamfanonin aika saƙo da na jiragen sama, da masu tseren mota, da masu lemon ƙara kuzari, suke rububin sa. Sunan Nike da ke saman alamar nan mai kama da lauje, Futura ne mai gwaɓi, matsattse, a karkace. Mai fasahar nan ta Amurka Barbara Kruger ta yi suna a shekarun 1980 da fararen haruffan Futura masu gwaɓi a karkace a kan jan zirin launi, tana sukar son kaya da talla da harshen tallar kansa; kamfanin tufafi na Supreme, wanda aka buɗe a New York a 1994, ya ɗauki kusan wannan kama ya mai da ita tambarin sayar da riguna. A irin wannan aiki lanƙwasar alƙalami cikas ce. Ana son kalmar ta zo a dunƙule kamar jifa.

Matsalar ta taso ne da sansarif ya bar allo ya shiga cikin shafi. Daga shekarun 1980 an fara buga rahotanni da mujallu da littattafan makaranta da shi, sannan fuskar kwamfuta ta zo, wadda ɗigoginta a lokacin ba sa iya fitar da 'yan siraran ƙafafu da kyau. To, rubutu mai tsawo yana da buƙatun da tambari ba shi da su. Ɗalibin aikin gona da zai rubuta sunan kuka na kimiyya, Adansonia digitata, ko na ɗorawa, Parkia biglobosa, ƙa'ida ce ya sa shi a rubutun tsutsa. Mai nazarin adabi yana da sunayen littattafai, lauya yana da sunayen shari'o'i, mai ƙamus yana da misalai. A ƙaramin rubutu, karkatar digiri goma ko sha biyu ba ta cika tsayar da ido ba. Mai karatu yana iya wuce ta bai sani ba. Amma in a ya sauya siffa, f ya zuro wutsiya ƙasan layi, e ya zama madauki ɗaya, haruffan suka ɗan matse, kalmar takan sauya launi a cikin layin, a gane ta tun kafin a karanta ta.

Wannan buƙata ce ta dawo da hannu. Charles Bigelow da Kris Holmes sun yi wa Lucida Sans italik na gaskiya a tsakiyar shekarun 1980, ita Holmes ɗin da ma gwanar rubutun hannu ce. Sumner Stone ya biyo da Stone Sans a 1987. A 1992 Robert Slimbach da Carol Twombly suka fitar da Myriad a kamfanin Adobe, wanda daga baya Apple ya yi shekaru yana tallata kayansa da shi. Mutanen Holan suka fi kowa naci: Martin Majoor da Scala Sans a 1993, wanda ya samo shi ta hanyar yanke ƙafafun wani zubinsa mai ƙafa ya bar ƙashin, har da na italik ɗin, sai Lucas de Groot da TheSans a 1994. Shi de Groot ɗin ne ya zana Calibri, wanda Microsoft ya mai da zubin farko a Office 2007, ya zauna a wannan kujera har Aptos ya karɓe ta daga 2023. Ta haka a mai ƙwallo ɗaya, jikan na Griffo, ya shiga kowace sakatariya da kowane shagon buga takardu, ba tare da kowa ya yi masa maraba ko ya san da zuwansa ba.

Ba kowa ya sallama ba. Zubin da Frutiger ya zana wa filin jirgin saman Charles de Gaulle, wanda ya fito kasuwa a 1976 da sunansa, oblik gare shi. A 2000 kamfanin Linotype ya fitar da sabon salonsa, Frutiger Next, da italik na hannu, daidai da yayin lokacin. Shi Frutiger ɗin bai gamsu ba. A 2009, yana da shekara tamanin da ɗoriya, ya zauna da Akira Kobayashi suka fitar da Neue Frutiger, suka mai da jinginannen mazauninsa. A ganinsa harafin da aka gina don a hango shi daga nesa ana jan akwati ba ya buƙatar rangwaɗa. A kan allon filin jirgi da wuya a ce bai yi gaskiya ba. A cikin littafi mai shafi ɗari uku kuwa, hujjar mutanen Holan ta fi nauyi.

Akwai wurin da karkata ta zama maganar siyasa. A kan titunan Jamhuriyar Ayalan yawancin alluna suna ɗauke da sunan gari sau biyu. Na Ingilishi yana tsaye da manyan baƙaƙe, na harshen ƙasar yana sama a karkace. Zubin shi ne Transport, wanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa titunan Birtaniya, amma an jingina shi an kuma sauya masa a don ya tuna da tsohon rubutun Ayalan. Direba yana raba harsunan biyu da ƙiftawar ido. Masu kishin harshen kuwa sun daɗe suna ƙorafin cewa tsarin ya sa harshen ƙasa ya zama kamar shi ne baƙo, tunda a al'adar ɗab'i baƙuwar kalma ake karkatawa.

A Afirka ta Yamma kuma italik na gaskiya yana da wani tarko wanda Griffo bai taɓa mafarkinsa ba. Harshen Ewe na Gana da Togo yana da f yana kuma da ƒ mai wutsiya, sautuka biyu daban. Yana da v da ʋ. In zubi ya bi al'ada ya zuro wa f wutsiya a rubutun tsutsa, haruffan biyu sun zama ɗaya. A Kamaru, inda aka tsara abacada ta bai ɗaya ga harsunan ƙasar a ƙarshen shekarun 1970, wasu harsuna irin Medumba suna amfani da a da ɑ a matsayin wasula biyu. A nan, tuɓe wa a rufinsa ɓata kalma ne. Mai zanen da ya san da wannan dole ya bar wa a rufin ko da a karkace, ko ya nemo wata dabarar. Abin da ya zama gwaninta a Amsterdam ya zama kuskuren rubutu a garin Bangangté na Kamaru.

Hausa ba ta da wannan tarkon, nata daban ne, kuma ya girmi kwamfuta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ɗigo yake sa wa a ƙarƙashin b da d da k. A cikin shekarun 1930 ne hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun daga 1939. Nijar ta ƙara da ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. A zamanin dalma kowane ɗayansu sai an yi odarsa musamman, a kowane girma, a kowane kauri, a tsaye da a karkace. Masu tafireta da yawa sai dai su buga k su bi da biro su ɗora ƙugiyar. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da zubi ɗaya na harsunan Nijeriya, har fitaccen mai zanen nan na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu. Tsarin Unicode ya ba haruffan lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma lamba daban, zane daban: sai mai zubin ya ga dama ya zana su.

Zana su a karkace kuwa ba wasa ba ne. Ƙugiyar ƙ da ta ɓ dama suke lanƙwasawa, wato inda harafin yake sunkuyawa, ta ɗ ma haka, ta leƙa kan harafin da ke biye. In an jingina ba a gyara ba, ƙugiyar takan yi karo da sandar l ko ɗigon i na gaba, ko ta miƙe ta ɓace a ƙaramin rubutu, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Zubin da aka yi da niyyar ɗaukar harsunan duniya, irin Noto Sans na Google da Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka tsara don masu koyon karatu, suna da haruffan nan. Dubban zubin ado da ake saukewa daga intanet ba su da su.

A 2016 kamfanonin Adobe da Apple da Google da Microsoft suka sanar da sabon tsarin zubi mai sauyawa, inda fayil guda yake ɗauke da kauri da faɗi iri-iri, mai aiki yana ja kamar yana murɗa rediyo. Da suka zo kan karkata ba su zaɓi ɓangare ba, maɓalli biyu suka ware: ɗaya na jinginawa digiri-digiri, ɗaya na sauya siffa zuwa italik. Mai wayar hannu kuma da ya sa kalma tsakanin 'yan layukan ƙasa biyu a WhatsApp, in wayar da zubin Roboto take aiki, jinginanne yake samu, a ɗinsa da rufinsa.

A shagon buga takardu dai, inda ake shirya katin biki, mai aikin yakan zaɓi wani siririn zubi maras ƙafa mai karkata don layin da ke sanar da ɗaurin aure. Zubin ba shi da ɗ, sai kwamfuta ta aro shi daga wani gidan ba tare da ta tambayi kowa ba. A fuskar allo kalmar ta fito: aurin yana sunkuye siriri, ɗ ɗin da ke gabansa ya fi su kauri, da 'yar ƙafarsa, kamar baƙon da ya shigo sahu da takalmi. Mai aikin ya gwada zubi na biyu, ya gwada na uku. Masu katin suna tsaye, an kusa ɗauke wuta. Ya goge ɗ ya sa d, ya tura bugu.